Shaidar Ɗan Saliyo

Ebeniza Kol yana durƙushe a bakin rumfarsa, yana wanke gyambon da ke ƙafar Madina, sai ɗan sanda ya leƙo ya ce Bature na kira a bariki, a zo da yarinyar da duk wanda ya ce tasa ce.

Bai ɗago ba sai da ya gama ɗaure ƙafar. Ya san mafarin kiran. Shi ya kai maganar.

Matashi ne ɗan mishan daga Saliyo, can bakin teku, baƙi wuluk kamar kowa, sai dai wando da takalmi da hular kwano. Ya iso Dutse da kaka, shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci Kano, da akwatin magani da Hausar da ya koya a littafi a Lakwaja, irin Hausar da in ya yi ta mata sai sun toshe baki da gefen zane. Ba a yarda ya yi wa'azi ba, ba a kuma yarda ya kwana cikin gari ba. Aka nuna masa wani fili a bayan Garu, gindin duwatsu inda awaki ke hutawa, aka ce ya kafa rumfa ya riƙa ba da magani kafin a ga kamun ludayinsa. Mutane suka sa masa Ɗan Saliyo. In an haɗu a hanya a gaishe shi da kyau, kowa ya wuce abinsa. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai, shi da ya zo da zumuɗinsa. Kakarsa ta sha gaya masa cewa daga ƙasar Hausa aka sace ta tana yarinya, aka yi ta sayar da ita har bakin ruwa, don haka ya ɗauka gida zai dawo. Ashe baƙo ne, baƙon ma na bayan gari.

Madina ce ta farko da aka riƙa kawo masa kullum. Yarinya ce da ba ta gama famfara ba, gyambo ya ci mata ƙwauri har an gaji da saƙe-saƙi. Kakanta, Malam Uwaisu mai gonar dabino, wanda ake ce wa Baffa a gida, shi ke saɓo ta a kafaɗa, don ubanta an kwashe shi aikin layin dogo tun bara. Bayansu kuma kullum akwai wata mace, Lauratu, matar ɗan tsohon, da jariri a bayanta. Can nesa take tsayawa. Ta yi wa na goye wasa, ta share masa hanci, amma Madina ko kallo ba ta ishe ta ba. Yarinya na tsala ihu ana matse mata mugunya, ita ta juya ƙeya tana kallon duwatsu.

Abin ya tsaya wa Ebeniza a rai. Wata rana a gaban tsohon ya tambaye ta, “Wannan ’yarki ce?”

Ta ja mayafi ta rufe fuska. “Ni? A’a, ba tawa ba ce. Ta Baffa ce.”

Bayan ’yan kwanaki ya sake tambaya, ta ba shi amsa iri ɗaya. Ya ce to yaya sunanta? Sai ta juya ta kama hanyar gida.

To, kowa a ƙasar nan ya san abin da wannan ke nufi. ’Yar fari ce. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna shi, ba ta ce nata ne, balle a gaban suruki. Amma littafin Lakwaja bai kawo wannan ba, shi kuma malam gwani bai tambayi kowa ba. Wa ma zai tambaya? Ya duba ya ga yarinya tana jefa kalmomin Fillanci cikin magana, ga wadda ake ce wa matar gida ba ta kula ta, sai ya ga kakarsa tsaye a gabansa da gyambo a ƙafa. Da Baturen rangadi ya sauka a bariki, ya je ya ce masa akwai baiwa ƙarama a gidan Malam Uwaisu.

Baturen ba ya son ’yan mishan, kuma bai ɓoye ba. Ya ce, “In gaskiya ne, ka yi aiki. In kuwa ka tayar mini da gari a banza, ka ɗaure akwatinka ka bi ni, ba za ka ƙara kwana a Dutse ba.”

Yanzu ga su a gindin tsamiyar bariki. Bature a kujerar tafi-da-gidanka, tafinta tsaye a gefensa, dagaci da dattawa a ƙasa, mata can baya sun yi cirko-cirko. Madina na zaune a tsakiya ta miƙe ƙafar da aka ɗaure.

Malam Uwaisu ya cire hula ya ce, “Ranka ya daɗe, jikata ce. A gidana aka yanke mata cibi.”

Tafinta ya juya, Bature ya amsa ba tare da ya dubi tsohon ba. Tafinta ya ce, “Ya ce duk garin da ya je haka ake faɗa masa. A kira uwar.”

Aka turo Lauratu gaba. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, surukinta na gefe, dattawan gari duka na kallo.

“Ke kika haifi wannan yarinya?”

Ta ƙara sunkuyar da kai. Aka sake tambaya. Bakinta ya motsa, da ƙyar aka ji ta ce, “Ta gidanmu ce.”

Bature ya sa aka tambayi yarinyar, “Wace ce wannan?”

Madina ta ce, “Yaya ce.”

“Ina innarki?”

“Tana Buji.”

Haka ne kuwa. Tun yaye aka kai ta Buji wajen kakarta ta wajen uwa, Bafillatana, ita take ce wa Inna, ciwon nan ne ya dawo da ita. Malam Uwaisu ya shiga bayani yana haɗa hannu, ya faɗi yaye, ya faɗi kunyar ɗan fari, tafinta na juyawa iyakar iyawarsa. Bature ya ɗaga hannu. Ya ce za a kai yarinyar gidan da ake renon ’yantattun yara can kudu, tsohon kuma ya gode wa Allah da furfurarsa, ba don ita ba da ya kwana a ɗaure.

Ɗan sanda ya kama hannun Madina. A nan ne Lauratu ta ɗago.

“Ni na haife ta,” ta ce. Muryarta ta fita sarai, kowa ya ji. “Tawa ce. Ita ce ta fari.”

Mata suka sunkuyar da kai. Malam Uwaisu ya kau da fuska, hawaye na bin gemunsa. Ba a taɓa jin mace ta faɗi haka a bainar jama’a ba, kuma duk wanda ke wurin ya san abin da faɗin ya ci mata.

Ebeniza ma ya sani. Ba sai an fassara masa ba. Ya dubi fuskar matar, wadda bai taɓa ƙare wa kallo ba sai yau, ya dubi ta yarinyar: goshi ɗaya, wushirya ɗaya.

Bature ya juyo gare shi da Turanci. “Yanzu da ta ga kaya zai tafi ta tuna. Kai ne shaida. Ta ce maka ba tata ba ce, ko ba ta ce ba?”

Kalma kaɗan ake nema, ya ce na yi kuskure. Amma ya hango kansa a bayan ’yan dako da akwati a ka, ya hango manyansa na Lakwaja da suka ce bai isa a tura shi shi kaɗai ba, ya hango cocinsu a Saliyo inda aka yi masa addu’ar rakiya, uwarsa na kuka don murna. Tsoro ya kama shi, tsoro tsagwaronsa, ba wani abu ba.

Ya ce, “Ta faɗa. Sau biyu.”

Ba ƙarya ya yi ba, wannan shi ne abin takaicin. Aka ɗauki Madina aka shiga da ita bariki, tana kiran Baffa. Aka ce da safe za a tashi.

Da la’asar yana zaune a rumfa, ya kasa ko buɗe Littafi Mai Tsarki, sai ya ga inuwa a bakin ƙofa. Lauratu ce, ita kaɗai, ba goyo. Ya miƙe tsaye yana jiran zagi, har ma yana so a zage shi. Ba ta zage shi ba. Ta durƙusa ta ajiye ƙullin zane.

“Malam, ba za su bar ni in shiga ba, kai za su bar ka. Zanenta ne, da ɗan dabino.” Ta turo masa ƙullin, ta ci gaba. “Ka gaya wa masu tafiya da ita, kada su fizge ƙyallen in ya manne, a jiƙa shi tukuna, yadda kake yi. Ruwan kada ya yi zafi. Garin nan fari da kake barbaɗawa, ta gefen sama ya fi buƙata, nan ne bai kame ba. In za a wanke, a ba ta wani abu ta riƙe a hannu, ba ta cika kuka ba in tana riƙe da abu.”

Ya tsaya yana kallonta. Shi kansa bai lura da wannan na ƙarshen ba.

Ya ce, “Ai ba kya kallo.”

Ta ce, “Ina kallo.”

Ta tashi ta karkaɗe gwiwa. Har ta kai bakin fili ta waiwayo. “Yarinyar nan ba ta iya barci in ba a rufe mata ƙafa ba. Ka faɗa musu.”

Ya ɗauki ƙullin ya nufi bariki. A hanya ya shirya maganar tsaf, da Turanci mai kyau: zai ce ya jahilci al’adar mutane, zai ce a mayar da yarinya, a kore shi in an ga dama. Ya maimaita ta a gindin dabinai, ya maimaita ta a bakin rijiya. Ya miƙa wa ɗan sanda ƙullin, ya faɗa masa na ƙyalle da na ruwa da na rufe ƙafa, bai bar ko ɗaya ba. Daga wani ɗaki na baya yana jin tarin yarinyar.

Bature na zaune a baranda ya miƙe ƙafafu, ransa fari. Ya ce, “Kol, ka yi aiki yau. Na gaya wa dagaci a ba ka wuri ka yi gini na sosai, ka bar rumfar awakin nan. Ka zauna a Dutse ke nan.” Ya kurɓi shayi, ya dube shi. “Akwai wata magana ne?”

Ebeniza ya jujjuya hularsa a hannu.

“Babu,” in ji shi.

Washegari, ayarin Bature bai gama ɓacewa a bayan duwatsu ba aka fara kwaɓa masa ƙasar gini.