Gurbin Adireshi

Auta ba ta miƙa wa kowa shafin intanet sai Baba ya gwada shi. Shekara shida ke nan tana gina wa masu shaguna shafukan da ake sayen kayansu ta waya, kuma duk wanda ta gama, falo take kawo shi. Sai ta ba Baba wayar ta ce, "Sayo min abu ɗaya," sannan ta cusa hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta, ta ja bakinta ta yi gum. Dokar Baba ce.

"In kika nuna min, wa zai nuna wa mai saye?" in ji shi. "Ko gida-gida za ki riƙa bin su?"

Shi kam ya san gida-gida. Shekara talatin ya yi yana raba wasiƙu kafin ya yi ritaya, babu ƙofar da bai san lambarta ba, har da halin karen da ke bayanta.

Aikin wannan karon na Mai Labule ne, wani mutum mai son a san da shi. Ya ce lallai a sa hotonsa babba a sama, a sa kiɗa, a sa labule yana buɗewa a hankali kafin a ga kaya. Auta ta yi masa bayani har bakinta ya gaji, ya ƙi ji. Baba ne ya raba gardamar da kallo ɗaya.

"Labule na zo saye ko mai shagon?"

Aka cire hoton, kiɗan ma ya bi shi. A ranar, Baba ya zaɓi labule ruwan toka, ya zaɓi tsawo, ya danna ba gargada, har ya iso gurbin da aka rubuta "Adireshi". Nan ya tsaya. Yatsansa yana sama da allon, ya kalli gurbin, ya kalli taga, ya sake kallon gurbin. Auta tana zaune a kan hannayenta tana ƙirga a zuci. Ta kai sittin.

"Wannan abin naki da rikici yake," ya ce, ya ajiye wayar.

Auta ta ce wa kanta laifin shafin ne. Ai dama aikinta ke nan: in mutum ya tsaya, ba shi ne ya kasa ba, ginin ne bai yi ba. Ta koma ɗaki ta ƙara wa gurbin girma, ta ƙara wa rubutun kauri. Washegari da hantsi Baba ya tsaya a wuri ɗaya. Ta raba gurbin gida uku, lamba daban, layi daban, unguwa daban. Ya tsaya a na farko. Ta sa misali da rubutu mai haske a ciki, sai ya kwafe misalin kaf, ya ɗago yana kallonta kamar ɗalibin da bai tabbatar da amsarsa ba.

Yayarta ta zo ran Asabar da kwandon wanki, ta tarar da su a haka. Ta ja Auta kicin ta tura ƙofa.

"Shekaranjiya a bakin kantin magani maƙwabci ya tsinto Baba. Layi biyu daga nan, ya rasa hanyar gida. Mu kai shi asibiti."

"Shafin ne, Yaya. Ban daidaita shi ba tukuna."

"Shafin ne ya bi shi kantin magani?"

Tsoro Auta take ji, tsoro sosai, kuma abu ɗaya ta iya a duniya: ta ga inda mutum ya tsaya, ta share masa hanya. In har Baba ya wuce gurbin nan da kansa, to lafiyarsa ƙalau, Yaya ce mai baki. Haka ta yanke wa kanta, ba wanda ya sa ta.

Mai Labule ya yi ta kira. "Hajiya, adireshi ne fa kawai. Kowa ya san gidansa mana." Ta ce ya ƙara mata kwana biyu.

Ta rushe gurabun ukun, ta mayar da su ɗaya. Ta cire kalmar "Adireshi" gaba ɗaya, ta sa tambaya irin ta baki da baki: "Ina za a kawo maka?" A ƙasa, "Wa zai karɓa?" Fari tas, ba ado, maɓalli ɗaya kore. Tunda ta fara sana'ar nan ba ta taɓa gina abu mai sauƙinsa ba, ita ma ta sani.

Bayan karin kumallo ta ba shi wayar, ta zauna a kan hannayenta. Baba ya gyara tabarau. Ruwan toka. Tsawo. Ya iso tambayar, ya karanta ta a fili, sai fuskarsa ta washe. Yatsan ya sauka, ya yi ta rubutu ba tsayawa, ya danna koren maɓalli. Kwamfutar da ke kan tebur ta yi ƙara, odar gwaji ta shigo.

Auta ta leƙa allon tana murmushi.

Lambar gida, layi, unguwa, har da "ƙofa mai shuɗin fenti, kusa da famfo," komai cif kamar a bayan ambulan. Sai dai gidan da suka tashi tun tana firamare ne, wanda aka rushe aka yi gidan mai a wurin. A gurbin mai karɓa kuma, sunan Mama, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce.

"Ki ce su kawo kafin ta dawo daga kasuwa," in ji Baba. "Ta daɗe tana mitar labulen falon nan."

Auta ta nemi abin da za ta ƙara wa girma, ko abin da za ta cire. Ta duba allon daga sama har ƙasa. Hannayenta sun yi tsami a ƙarƙashinta, ta kasa zaro su.

Baba ya miƙo mata wayar, cike da jin daɗi.

"Wannan ya yi, Auta. Kai wa mutumin kayansa. Babu abin gyara."