Ƙafar Tamba

Ummaru ya zagaya robar tiyub sau uku a cinyar Tamba, ya ja da iya ƙarfinsa, ya ƙulle. Jinin da ke tsartuwa daga ƙasan gwiwa ya rage, ya koma ɗiga, sannan ya tsaya. Sauran masu haƙa, da suka yi cirko-cirko a cikin ramin marmara da diga da shebur a hannu, sai a lokacin suka sauke numfashi. Hantsi bai daɗe da dubawa ba.

"Sannu Tamba," in ji Ummaru. "Bar dibin ƙahwar, dibe ni nan."

Tun da aka ba Kebbi jiha bara waccan, tifofi ba su huta ba. Ana gina gidajen ma'aikata a Gesse, ana cike hanyoyi, kowa marmara yake nema. Manoman shinkafa na Zauro da ba su da abin yi kafin ruwa ya sauka suka samu aikin rani a wannan rami da ke gefen hanyar Argungu. Ba mai koya wa kowa komai. Dabarar ita ce a ci gindin gaɓa da diga, a bar saman ya rufto da kansa, a kwashe da shebur. Aiki ne mai sauri, in dai mutum ya san lokacin da zai ja da baya. Tamba makonsa uku ke nan, bai sani ba tukuna, gaɓar ta rufto masa a ƙafa. Kuma Ummaru ne ya kawo shi, domin mijin ƙanwarsa Laure ne.

Ɗaurin kuwa ba a rami Ummaru ya koye shi ba. A fadamar Zauro, in kububuwa ta sari mutum, sama da wurin ake ɗaurewa tamau, kuma ba mai kwancewa sai an isa gaban mai magani. Sau biyu ya taɓa yin haka, duka mutanen biyu suna nan da ransu suna noma. Saboda haka bai yi wata shakka ba, har ma ya ɗan ji daɗin yadda abokan aiki ke yaba masa.

Dikko direban tifa ya juye lodin da aka fara yi, aka shimfiɗa tabarma a baya. Ya leƙo ta taga ya ce, "Birni za mu, asibiti ko?"

Tamba ya ɗago kai da ƙyar. "A'a. Ku kai ni Argungu wurin Maigandi mai ɗori. Asibiti yankewa sukai."

Dikko ya dubi Ummaru. Gaskiyar magana, Ummaru ma abin da ke ransa ke nan. Wa bai san Maigandi ba? Masunta da 'yan kokawa da waɗanda shanun huɗa suka taka, duk ya ɗora su sun tashi. Manomin shinkafa kuwa da ƙafa yake ci, cikin taɓo har gwiwa.

"Mu tahi Argungu," in ji shi.

Da suka isa, Maigandi ba ya gida. Ya haye gulbi zuwa gonar albasa, aka tura a kira shi. Suka kwantar da Tamba a zaure suna jira. Wani maƙwabci ya kawo fura, ba wanda ya sha. Can da rana ta take, Tamba ya ce zafin ya sauka, ba ya ma jin ƙafar. Ummaru ya yi hamdala, Allah ya sani da zuciya ɗaya ya yi ta. Ya je masallacin ƙofar gidan ya yi azahar, ya dawo ya zauna yana kore masa ƙuda.

Maigandi ya shigo da laka a ƙafafunsa, tsoho ne marar yawan magana. Ya tsuguna, ya yaye zanen da aka rufe ƙafar da shi. Ya danna farcen babban yatsa, ya jira, ya sake dannawa. Ya ɗora bayan hannunsa a kan ƙaurin, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Wa ya ɗaure?"

"Ni," in ji Ummaru.

"Tun yaushe?"

"Tun hantsi."

Tsohon ya mayar da zanen a hankali. "Ni karaya nika ɗorawa, ɗana. Wanga ƙashi niƙe shi anka yi, kuma ƙahwar ta yi sanyi. Ku tahi asibiti Birni yanzu. Kada wanda ya taɓa robar ga a hanya."

Ummaru ya miƙe tsaye. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko lokacin da gaɓar ta rufto.

A bayan tifa, iska na kaɗa su, Tamba ya kamo gefen rigarsa. "Yaya, ka san abin da nika tsoro. Kada ka bari su yanke. Yi min alkawari."

"Sai abin da Allah ya yi, Tamba."

"Ban ce Allah ba, kai nac ce. Laure na da ciki, gona na jira na. Mi za ni yi da ƙahwa guda cikin fadama?"

"Na yi alkawari," in ji Ummaru, don ya samu ya yi shiru.

Kamar abin bai isa ba, lagireto ya tafasa a tsakiyar hanya. Dikko ya tsaya yana zagin motar yana neman ruwa a wata ruga. A nan bakin titi Ummaru ya yi taimama ya yi la'asar, Tamba kuma ya yi tasa a kwance.

Rana ta yi sanyi lokacin da suka shiga asibitin a Birnin Kebbi. Aka ɗora Tamba a gado, wata nas ta sa masa ƙarin ruwa, ta yanke wandon da almakashi. Likitan matashi ne, siriri, da alama tun safe yake tsaye. Ya duba ƙafar, wadda ta yi baƙi ta kumbura daga robar zuwa ƙasa, sannan ya juyo.

"Wanda ya ɗaure wannan ya tsayar da jini, ba don haka ba da wuya ya kawo yanzu. Amma ina son a gaya mini gaskiyar lokaci, domin a kansa zan yi aiki. Idan bai wuce awa biyu ba, zan kwance in gwada ceton ƙafar. Idan ya daɗe, naman ya riga ya mutu. Ina kwancewa, dafin da ya taru a ciki zai koma jikinsa, ya lalata ƙoda, yana iya tsayar da zuciya. In haka ne, sai dai in yanke daga saman robar ba tare da na kwance ba. Yaushe aka ɗaure?"

"Ɗazu-ɗazun ga," Tamba ya yi saurin cewa. "Bayan azahar. Kusan la'asar ma."

Likita bai musa masa ba. Ya dubi Ummaru. "Malam, kai ka kawo shi. Haka ne?"

Ummaru ya dubi Tamba. Idanun Tamba na kansa, ba ya ko ƙiftawa. Kalma ɗaya ce, i, kuma da ita alkawari ya cika. Watakila ma likitan ya kwance ba abin da ya faru, ai likitoci sukan faɗi abu bai zama ba. Watakila kuma gobe ya tsaya gaban Laure yana gaya mata inda aka rufe mijinta. Ya auna wannan, ya auna wancan, ya ga ba wanda zai iya ɗauka da sauƙi.

"Tun hantsi ne, likita."

"Ƙarya yakai," in ji Tamba. "Ba ya da agogo, bai san lokaci ba."

"Ban da agogo," in ji Ummaru, bai ɗaga murya ba. "Amma na yi azahar Argungu da robar ga a ƙahwarshi, na yi la'asar a hanya tana nan. Rana na gabas, inuwa na yamma sadda na ɗaure. Ni na ɗaure, kuma ni na yarda munka bi ta wurin mai ɗori."

Likita ya gyaɗa kai, ya ce wa nas a shirya ɗakin tiyata. Ya ƙara wa Tamba bayani da taushin murya, sau biyu, har Tamba ya daina gardama ya rufe ido. Nas ta kawo takarda. Tamba ya dangwala yatsa bai dubi kowa ba. Ta ce ana bukatar na wani babba daga dangi, ta miƙa wa Ummaru tawada. Ya dangwala nasa a ƙasan na Tamba.

Da aka zo tura gadon, ya matsa ya dafa kafaɗar Tamba. Tamba bai ture hannun ba, bai kuma buɗe ido ba.

"Kai ka ɗaure, kai ka yanke," ya ce a hankali.

"Ni ne," in ji Ummaru.

Ya tsaya har ƙofar ta rufe. A waje Dikko na jingine da tifa, ya ce zai bi ta Zauro, in Ummaru na so ya zauna nan, shi zai kai wa gida labari.

Ummaru ya girgiza kai. "Zauna kai nan har su hito da shi. Laure ba ta jin wagga magana daga bakin kowa sai nawa."

Ya karkaɗe jar ƙasar da ke wandonsa, ya fita titi neman motar Zauro.