Barka da Safiya, Rage Mini

Mijin yayata da bakinsa ya naɗa kansa Manaja, mu kuma muka bar masa, tunda sunan ba ya cin albashi. Ni ke haɗa sabulu da man shafawa a ɗakin bayan shago, ni ke tallar su a intanet. Shi aikinsa ɗaukar kaya a babur ya kai wa masu saye, ya dawo ya haye kujerata yana kaɗa makulli.

Jarin shagon ba sabulu ba ne, kowa ma na iya haɗa sabulu. Jerin adireshin imel ne na mutanen da suka yarda in riƙa aika musu saƙo in na yi sabon kaya. Ɗaya bayan ɗaya na tara su, da lallashi da kyautar ɗan guntun sabulu, kowa na yi masa alkawarin ba zan ba wani adireshinsa ba. Ina da doka biyu a kansu. Ba na aika saƙo sai na fara aika wa kaina na karanta. Wanda kuma ya danna "a cire ni" ya fita ke nan, ba na bin sa da magiya.

Manaja ya sha yi mini dariya kan ta farko. "Ke kika rubuta, ke kika aika, ke za ki karanta? Ai mai gida ke nan yana yi wa kansa sallama."

Shi kuwa ba ya riƙe sunan mutum, sai dai ya raɗa masa. Mai yawan neman ragi ta zama Rage Mini. Wanda ba a taɓa samun sa a gida ya zama Sai Gobe. Akwai Uwar Ƙorafi, akwai Kunnen Ƙashi. In na faɗi sunan gaskiya sai ya tsaya yana kallona, don haka na buɗe masa layin laƙabi a gefen layin sunaye. Da hannunsa yake cika shi, yana ƙyalƙyala shi kaɗai.

Ranar da ya ce zai buɗe nasa shagon, da irin sabuluna har ƙamshin, na haɗiye na ce Allah ya ba da sa'a. Sai ya ƙara da cewa a ba shi jerin.

"Ai ni na san ƙofar gidajensu," in ji shi.

"Ƙofa ka sani, Manaja. Adireshin nan amana aka ba ni."

Washegari sai ga Yaya. Ita ta goya ni, ita ce kuma ta farko a jerin nan, tun lokacin da daga ita sai ni. Ta zauna tana ta zuba: ɗan'uwa ɗan'uwa ne, wa zai sani, me zai ragu a jikina. Na ce a'a har bakina ya gaji. Da za ta tafi ta ɗauki sabulu tana shinshinawa, ba ta dube ni ba.

"Auta, har yanzu sunan Inna ne kalmar sirrin kwamfutar nan?"

Na ce shi ne. Makullin shagon na biyu yana cikin jakarta, na san da haka, ita ma ta san na sani.

Abin ya ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa. Na Manaja bai dame ni ba, kura ba ta ba da mamaki in ta ci akuya. Amma Yaya? Na zauna gaban kwamfutar. Canza kalmar sirri ba wuya, sai dai gobe za a dawo mini da kuka, jibi a haɗa ni da manya, ƙarshe in zama marar kunyar dangi. Sai na bar ta yadda take.

Manhajar da ake aika saƙon da ita ba ta da wayo. Layin da aka rubuta "suna" a samansa take bi, ta ɗauko abin da ta tarar ta liƙa a gaban gaisuwa. Na ɓoye jerina na gaskiya. A wanda na bari a fili, na goge kalmar "suna" daga saman sunaye na mayar da ita saman laƙabi. Shi ke nan aikin.

Kafin in rufe kwamfutar, idona ya faɗa kan na farko a jerin. Adireshin Yaya, a gefensa Manaja ya rubuta: Rediyo Ba Kashewa. Ban taɓa lura ba. Na ɗora yatsa zan goge, sai na tuno yadda take shinshinar sabulun nan. Na janye yatsana.

Da na buɗe shago da safe, kujerata ta matsa daga inda na bar ta.

Ba a jima ba Manaja ya buɗe shagonsa, ya aika saƙonsa na farko ga kowa da kowa a tashi ɗaya. Mai gida ai ba ya yi wa kansa sallama. Wayata ta fara ruri tun ban gama shara ba.

"Wane ne wannan marar tarbiyyar?" Muryar wata malamar makaranta ce, tsohuwar mai sayen kayana. "Wai barka da safiya, Rage Mini. Ni?"

"Mai kawo miki kaya ne, Anti. Ya bar wurina, ya tafi da adireshinku ban ba shi ba."

"To zai ga ragi."

Haka aka wuni. Uwar Ƙorafi ta nuna masa bai yi kuskuren suna ba, ta ɗauki hoton saƙon ta watsa. Sai Gobe ya amsa masa da kalma biyu, sunan da ya raɗa masa. Sauran suka yi ta danna cewa saƙon shara ne, har manhajar ta rufe masa hanyar aikawa. Na rubuta wa mutanena ban haƙuri, na aika wa kaina, na karanta, sannan na aika musu. 'Yan kaɗan suka fita, ban ga laifinsu ba. Na ji daɗi ranar, daɗi har cikin ƙashi. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Da yamma Yaya ta shigo. Ba sallama, ba zuba. Ta ajiye makullin a kan tebur, ta juyo mini fuskar wayarta.

"Kin ga wannan sunan?"

"Na gani."

"Kafin ko bayan?"

Ƙarya tana bakina, a shirye. Amma ban gama hucewa ba.

"Kafin," na ce. "Ranar da kika tambaye ni sunan Inna."

Ta gyaɗa kai, ta mayar da wayar jaka, ta fita. Tunda nake ban taɓa ganin ta bar ɗaki da 'yan kalmomi haka ba.

Ina cikin naɗe sabulu kwamfutar ta yi ɗan ƙara. Wani ya danna "a cire ni". Na duba jerin, yanzu daga na biyu ya fara. Na ɗauki waya, na nemo lambar Yaya, na daɗe ina kallo. Dokar ni na kafa ta. Na ajiye wayar na ci gaba da naɗi.