Wanda Muka Ɗora wa Aikin Hutu

A maɗaba'armu akwai wani mutum da muke kira Ba-Komai. Ba mu muka zalunce shi da sunan ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka ce masa, "Don Allah ɗan duba min wannan," ya ce ba komai. Ka ce masa jarkar ruwan sha ta ƙare, ya ce ba komai, ya miƙe. Na tabbata da za ka ce ya ɗan riƙe maka ginin nan ka je ka dawo, hannu biyu zai sa ya tallafe bango.

Aikin da aka ɗauke shi dominsa, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, duba rubutu ne. Duk abin da za a buga, kalanda ko littafin makaranta ko katin gayyata, sai ya bi shi da jan biro kafin ya isa inji. Amma a hankali teburinsa ya zama mashayar kowa. Makullin sito yana aljihunsa. Shi ya san inda ake dukan injin kwafi in ya haɗiye takarda, gefen hagu, ƙasa da murfi kaɗan, da tafin hannu. Shi ke rubuta abin da aka tattauna a taro. Shi ke lallashin kwastoman da Mai Zane ya ɓata wa rai, kuma Mai Zane ba ya kwana biyu bai ɓata wa wani rai ba.

Ni ce mai karɓar oda, ni ke zaune a teburin gaba kusa da waya. Gara in faɗi gaskiya tun da wuri: a cikin masu jibga masa kaya, ni ce ta ɗaya. Har murya ta musamman nake da ita dominsa. Sai in karkace kai in ce, "Yaya, na san aiki ya yi maka yawa, amma..." Ban taɓa ƙarasa jimlar ba, kafin in kai ƙarshe ya miƙo hannu.

Wata Litinin da hantsi na ba shi takardar oda ya yi min kwafi arba'in. Ya tafi, shiru shiru bai dawo ba. Da na leƙa, sai na tarar ya ɗaga murfin injin, ya sunkuya zai gyara zaman takardar, barci ya ɗauke shi a nan. Kumatunsa na manne da gilashi, gwiwar hannunsa na kan koren maɓalli, injin kuwa yana ta aikinsa tsakani da Allah. Fuskar Ba-Komai arba'in ya fitar, hanci a baje, baki a buɗe, ido ɗaya a rufe ruf.

Mun yi dariya har Mai Inji ya zauna a ƙasa. Shi ma mai fuskar da ya farka ya taya mu, ya ba ni haƙuri, ya sake yin kwafin.

Manaja ne kawai bai yi dariya ba. A satin ya dawo daga wani taron bita na kwana biyu a kan lafiyar ƙwaƙwalwar ma'aikata, kuma tun da ya dawo yake neman inda zai sauke abin da ya koyo. Ya ɗauki kwafi ɗaya, ya tara mu, ya ɗaga shi sama.

"Kun ga wannan? Abin da aka gargaɗe mu a kai ke nan. An ce mana aiki na iya tatse mutum tas yana tsaye, ya ƙare kamar batir, ba wanda ya lura. A kamfanin nan ba za a yi haka ba!"

Ya ce za a kwashe ƙaramin sito a mai da shi ɗakin hutu. Za a sa kushin, da shuɗin labule, da shuka a tukunya, domin an ce ganin kore yana kwantar da hankali. Kowane ma'aikaci zai shiga ya huta minti ashirin a rana, ya sa hannu a rajista. Ranar Juma'a ta sati na biyu Mai Kamfani da kansa zai zo ya buɗe, Manaja zai yi jawabi.

"To, wa zai ɗauki nauyin shirya wannan?"

Kowa ya gano akwai abin kallo a takalminsa. Mai Zane ya kama goge tabarau. Sai na ga kawuna suna juyawa gefe ɗaya a hankali, nawa ma a ciki.

"Ba komai," in ji shi.

Wallahi ko mutum ɗaya a cikinmu bai ga abin da muka yi ba. Har tafi muka yi masa.

Shi ya kwashe sito, shi ya yi fenti, shi ya ciccibo kushin daga ƙasa zuwa bene, Mai Inji na bayansa yana cewa, "Karkata hagu, yawwa." Shi ke ba shuka ruwa. Shi ke riƙe rajista. Da aka fara gwaji kuma sai wani sabon aiki ya ɓullo: Mai Inji in ya shiga ba ya sanin minti ashirin, sai munshari, don haka aka ɗora wa Ba-Komai duba agogo da ƙwanƙwasa ƙofa. Manaja ya sa aka ƙara girman hoton nan na injin kwafi, aka rubuta a ƙasa, "Huta kafin ka kai nan." Mai fuskar ne ya duba rubutun, shi ya hau kujera ya manna a bango.

Ba zan ɓoye ba, ɗakin ya yi daɗi. Nakan fito ina jin kamar an wanke min kai da ruwan sanyi, har kwastomomi suka fara cewa na yi fara'a. A rajista kowa layinsa ya cika da sa hannu. Layi ɗaya ne fari fes, kuma mai layin ne ke riƙe da biron.

Ranar Talata ta satin buɗewa wayar teburina ta yi ƙara. Wata nas ce daga asibitin ido, tana neman ɗan wani dattijo, ta ce wannan lambar ya bari, wai a nan aka fi samunsa. Da ta faɗi sunan na gane Ba-Komai take nufi, na ce yana bene yana rataya labule.

"To, ki isar masa. Jibi Alhamis, ƙarfe goma, aikin yanar idon mahaifinsa. Sau uku ke nan yana ɗagawa. In wannan ya wuce, sunan tsohon zai koma ƙarshen layi, kuma layin nan sai an yi wata takwas."

Na hau bene na same shi a kan tsani, ƙusa uku a baki.

"Yaya, Baba ba ya gani?"

Ya ciro ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya. Ya ce shekara biyu ke nan, dishi-dishi kawai, yana bambance dare da rana. A gidansa tsohon yake zaune. Karo na farko lokacin kalanda ne ya hana, na biyu littattafan makaranta, na uku kuma bai faɗa ba. Ni na san na uku. Katunan gayyatar nan ne da na rubuta kwanan wata ba daidai ba, ya wuni yana gyara min.

"Zan roƙe su su ƙara ɗagawa," ya ce. "Alhamis ce jajibirin buɗewa. Ga kujeru, ga jawabi, ga..."

"Ga mahaifinka! Sauko daga tsanin nan."

Ban taɓa yi masa tsawa ba, shi ya sa ya sauko. Na ja shi har ofishin Manaja, na yi bayani, na nuna fostar da ke bango ta cikin ƙofa. Manaja ya ce ai wannan shi ne ainihin abin da aka koyar a bita. Ya ba shi Alhamis da Juma'a. Ni kuma na ce zan kai su a motata in dawo. Na fito ina jin kaina wata waliyyiya.

Alhamis da safe na tsaya a ƙofar gidansu. Ya fito riƙe da hannun wani dogon tsoho mai farin gemu, yana faɗa masa, "Tudu, Baba. Yawwa, sauka." Ina gaishe shi, tsohon ya karkato kunne.

"A'a, na san muryar nan! Ke ce mai waya. 'Yana taro, Baba.' 'Ya ɗan fita, Baba.' 'Zan faɗa masa, Baba.' Sannu da ƙoƙari, 'yata."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ni kuma na kama gyara madubin da ba abin da ya same shi. A hanya bai yi shiru ba. Ya ce shi yanzu da kunne yake zaune da ɗansa: ya ji takalmi ya fita, ya ji takalmi ya dawo. Ya ce in an gyara idon, abin da zai fara kallo shi ne kumatun yaron nan, domin tun yana ƙarami kumatu ne ke riga shi shiga ɗaki.

Na sauke su na koma ofis, na tarar da abin da ya fi ƙarfin bita. Injin kwafi ya haɗiye takarda, mutum uku sun kewaye shi suna duka, kowa da gefensa. Makullin sito ya tafi asibiti a aljihu. Mai Zane ya yi faɗa da kwastoma biyu kafin azahar, ba mai lallashi. Mai Inji ya shiga ɗakin hutu ƙarfe sha ɗaya, ba mai ƙwanƙwasawa, sai yunwa ce ta fito da shi wajen ƙarfe biyu. Muka zauna muka raba ayyukan Ba-Komai tsakaninmu mu bakwai, kowa na ƙunƙuni an ba shi da yawa. Duk da haka ba wanda ya tuna da shuka.

Da yamma Ba-Komai ya aiko da saƙo cewa aiki ya yi kyau, gobe ƙarfe tara za a cire bandeji.

Juma'a da safe ina ɗaukar makullin mota zan je in kai su, Manaja ya tare ni a bakin ƙofa da wata ambulan. Ya karkace kai. Wallahi irin karkacewar da nake yi.

"Tunda za ki gan shi. Jawabina ne na anjima, shafi shida kacal. Na san yana hutu, amma ya ɗan bi shi da biro kafin sha biyu. Ai a zaune zai kasance."

Kun san me na yi? Karɓa na yi. Har jan biro na ɗauko daga teburinsa na jefa a jaka, don kada ya sha wahalar nema. A raina na ce, ai minti goma ne, a ɗakin jira ma zai gama.

A asibiti aka zaunar da Baba a kujera, nas ta fara ɓare filasta a hankali. Ba-Komai na tsaye a gabansa, ni ina gefe, hannuna na cikin jaka a kan ambulan, ina jiran a gama murna in miƙa.

Bandeji ya fita. Tsohon ya ƙifta ido, ya ƙifta, hawaye na zuba saboda haske. Sai ya fashe da dariya.

"Ikon Allah! Ashe duniya ba a canza mata fenti ba. 'Yar nan, 'yan kunnenki kore ne, ko?"

Nas ta ce kore ne. Ya juyo gare ni, ya kalle ni sama da ƙasa.

"Mai waya! Ashe doguwa ce ke. Muryarki ta gajeru ce."

Muka yi dariya duka. Sai ya fara waige-waige, ya leƙa bayan nas, ya leƙa wajen ƙofa.

"Ina ɗan nawa? Ya fita ne?"

"Ga ni, Baba."

A gabansa yake, ko taku biyu babu. Tsohon ya ɗaga kai. Dariyar ta sauka daga fuskarsa a hankali. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa hannu ya taɓa inda kumatu suke a da, ya gangaro zuwa wuyan rigar da ta yi masa yawa, ya sa yatsa biyu a ciki, suka shige ba tare da sun taɓa fata ba. Ni ma sai a lokacin na gani. Shekara biyu ina zaune taku goma da mutumin nan, idona biyu garau, ban ga ramin da ke ƙarƙashin idanunsa ba, ban ga furfurar ba. Hotonsa ma na bango mun fi kallo, don shi yana ba mu dariya.

"Ashe ba ni ne marar lafiyar ba," in ji tsohon. "Wa ya yi maka haka?"

"Ba komai, Baba."

Tsohon bai karɓi amsar ba. Shi ne mutum na farko da na ga bai karɓa ba. Ya juyo da sabon idonsa kaina.

"'Yata, ke da kike zaune a gaba, kina ganin mai shiga da mai fita. Ba ki ga wanda ya yi masa haka ba?"

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Na saki ambulan ɗin, na tura shi can ƙasan jaka tare da biron, na ja zif.

"Na gani, Baba," na ce. "Na san su duka."