Ƙwallon da Garzali Ya Soke

Garzali Ɗan'auta ya daɗe yana busa wasannin gasar ƙasa kafin kwamitin alƙalai ya dakatar da shi. A wani wasa ne aka yi wa ɗan wasa ƙeta a gabansa, ya dubi yawan magoya bayan masu gida, ya kau da kai. Ya dawo gidansa a Sabon Garin Wudil, kakar wasa guda bai taɓa usur ba.

Da wa'adin ya cika, aka ba shi wasan ƙarshe na gasar unguwanni, Sabon Gari da Ɗankaza. 'Yan Ɗankaza sun yi ƙorafi, don ɗan wasan gaban Sabon Gari, Jamil, ƙanen matarsa Saudatu ne. Amma babu wani alƙali mai matakinsa a garin. Kwamiti kuma ya turo Malam Muhyiddeen ya zauna a rumfa ya ga yadda zai yi, a san ko za a mayar da shi.

Har wasa ya kusa tashi ba a ci kowa ba. Aka bugo kwana, 'yan wasa suka cakuɗe, Jamil ya sa kai, ƙwallo ta shige raga. Filin ya ɗauki ihu. Garzali ya juya zai nuna tsakiya, sai ya hango mataimakinsa Isyaku tsaye a bakin layi da tuta a sama. Mai tsaron bayan Ɗankaza yana kwance, jini na fita masa ta hanci.

Ya nufi Isyaku. Kafin ya isa, tutar ta fara sauka, don bayan Isyaku duk 'yan Sabon Gari ne, igiya kawai ta raba su.

"Me ka gani?"

"Oga, ko dai a bar shi haka?"

"Ni ban ga komai ba, an tare ni. Faɗa min abin da ka gani."

Isyaku ya ce, "Gwiwar hannu. Kafin Jamil ya yi tsalle ya kai masa a fuska."

Garzali ya koma cikin fili, ya busa, ya soke ƙwallon. Ya kira Jamil.

"Yaya, wallahi karo muka yi," in ji Jamil, muryarsa a ƙasa.

Ya ɗaga masa jan kati.

Ledojin ruwa suka fara sauka, sannan duwatsu. Ɗaya ya samu Garzali a bayan kunne. Alhaji Ɗantani, shugaban ƙungiyar Sabon Gari, ya shigo har tsakiyar fili.

"Garzali, unguwar nan za ka koma ka kwana fa."

"Na sani, Alhaji. Ka fitar min da Jamil, ka sa yaranka su koma bayan igiya. In ba haka ba na tashi wasa."

Alhaji ya daɗe yana kallonsa, ya ga jinin da ke bin wuyan rigarsa. Ya kama hannun Jamil suka fita. Aka ƙarasa wasa, aka je bugun fenariti, Ɗankaza ta ɗauki kofi. A motar Malam Muhyiddeen aka fitar da Garzali da Isyaku, suna sunkuye.

Saudatu ta wanke masa raunin da ruwan zafi, da ta gama ta dube shi.

"Da idonka ka gani?"

"A'a."

"To, in Isyaku ne bai gani da kyau ba fa?"



Kwamiti ya mayar da shi gasar ƙasa. A majalisar unguwa kuwa, in ya yi sallama, kaɗan ne suke amsawa. Jamil ya daina shigowa gidan, sai dai Saudatu ta je ta same shi wajen mahaifiyarsu. Har yanzu, duk wanda ya tambayi Jamil, cewa yake karo suka yi.