Baba Dikko da Buhun Albasa

Da Kirsimeti ta matso, Judith mai sayar da abinci a Gesse ta sayo wa 'ya'yanta littafi mai hotuna. A ciki akwai wani tsoho mai farin gemu da jar hula, saɓe da ƙaton buhu, yana raba wa yara kyauta. Treasure ce ke karantawa. Ƙaninta Felix bai iya karatu ba, amma ya haddace fuskar tsohon tsaf.

Wata safiya sai ga Baba Dikko ya kawo wa Judith albasa daga Augie. Gemunsa fari fat, ga jar dara a ka, ga buhu a bayan babur.

Felix ya ƙwalla ihu: "Shi ne! Ya zo!"

"Mi ya faru, ɗiyana?" in ji tsohon.

Treasure ta miƙa masa littafin. Ya daɗe yana duban hoton, yana shafa gemu.

"Wa ya ɗauke ni hoto ban sani ba? Sun ma ƙara mini tumbi."

Treasure ta yi masa kallon tuhuma. "To ina bareyin da ke jan kekenka?"

"Na baro su Argungu, suna shan ruwa bakin gulbi."

"Kyautarmu fa?"

"Tana can gindin buhu. Sai an kwashe albasa."

Nan da nan suka kira Sumayya 'yar maƙwabta, suka ɗauko kwanoni, suka yi ta jigila zuwa kicin, shi kuwa ya miƙe ƙafa a inuwa yana shan kunu. Da suka kai gindin buhun, ba komai sai ɓawo. Felix ya soma kuka.

Judith ta leƙo. "Haba Baba, dako ka sa mini yara?"

Treasure ba ta yi kuka ba. Ta buɗe wani shafi, inda tsohon ke zurarawa cikin gida ta mafitar hayaƙi, ta nuna masa 'yar tagar kicin da ta yi baƙi ƙirin.

"In kai ne, shiga ta nan mu gani."

Baba Dikko ya dubi tagar, ya dubi farar rigarsa. Ya ce yau dai bayansa na ciwo. Yaran suka tare babur, suka ce ba inda za shi.

Dole ya zaro ƙunshin soyayyen kifin da ya saya don guzurin hanya. Suka cinye a gabansa, Felix ya miƙa masa kan kifin.