Gurasar Da Tursunboy Bai Gutsura Ba

Son a yabe ka ciwo ne, kuma ba a kan mai shi kaɗai yake ƙarewa ba. Na gan shi a gidan Tashpulat, a ƙauyenmu na bakin birnin Namangan, lokacin yaƙin Jamus.

'Ya'yansa maza uku ne. Da aka kira Eshmat da Hamrokul soja, uwarsu Mastura ta yi abin da kowace uwa ke yi a wajenmu. Ta toya gurasa a tanderu, kowannensu ya gutsura, ta rataye ragowar a bango, domin wanda ya bar rabonsa a gida zai dawo ya cinye. Ba su dawo ba. Auta kuwa, Tursunboy, hukuma ce ta bar shi, don shi ke raba ruwa a gonakin auduga.

Tun daga nan in Tashpulat ya shiga rumfar shayi sai a miƙe masa, abin kuma ya yi masa daɗi. Rannan Jurakul wanzami ya ce, "Tashpulat, an ce autanka na can magudana yana yaƙi da kwaɗi. Nawa ya kashe yau?"

Aka yi dariya. Tashpulat ya kife kofinsa. "Ba a haifi matsoraci a gidana ba. Wanda ya ba da biyu ba zai gaza na uku ba."

"Wasa nake, abokina, sha shayinka!"

Ina! Magana zarar bunu ce. Da ƙafarsa Tashpulat ya je ya sa aka rubuta sunan yaron a soja.

Mastura ta ce, "Baban Eshmat, ka ji tsoron Allah. Bar mini ko ɗaya in riƙa jin tarinsa a tsakar gida."

"Na riga na faɗa a gaban mutane."

"Mutanen ne suka yi naƙudarsa? To ni ba zan hura tanderu ba. In ga uban da zai sallami ɗansa bai gutsuri gurasa ba."

A zatonta wannan zai tsayar da shi. Da safe keken doki ya zo. Tursunboy ya tsaya bakin ɗaki. "Inna, ko busasshiyar jiya ce, ki ba ni."

Ta juya wa bango fuska, tana jiran mijin ya karaya. Bai karaya ba. Sai da ƙarar keken ta yi nisa ta zabura ta kwaɓa gari, ta hura wuta, ta fita a guje da gurasa mai zafi cikin mayafi. Sawun taya kawai ta tarar. Ban ga laifinta ba, uwa ce ta jefa makamin da take da shi.

Yaron ya nutse wajen haye wani kogi da ko sunansa ba ma iya faɗa.

Baki shi ke yanka wuya. Tashpulat ya rasa 'ya'ya uku, babu kabarin ko ɗaya da zai ziyarta. Matarsa tana ajiye masa abinci, amma ba ta ƙara yi masa magana ba. Itacen inabin gidansa ya bushe a tsaye. Ranar da ya rasu, 'ya'yan maƙwabta ne suka ɗauki makararsa.